Yadda Ake Bin Sawun Kakanni Ta Hanyar Tsofaffin Motocin Sufuri Da Direbobinsu A Zariya

A gidaje da yawa na Zariya, tun daga cikin Birni har zuwa Tudun Wada da Sabon Gari, za ka tarar da wani tsohon hoto da ya fara yin ja, an saƙale shi a bango ko an adana shi a ƙasan adakar wata tsohuwa. Mutum ne tsaye a jikin gingimari mai bodin katako, ya dafa ƙofa da hannu ɗaya, hularsa a karkace. Idan ka tambayi jikokinsa ko wane ne, za su gaya maka sunansa, su ƙara da cewa direba ne, daga nan kuma sai magana ta tsaya. Gidan malamai yana da littattafan da aka gada, gidan sarauta yana da maroƙan da suka haddace jerin kakanni, ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ko na gwamnati yana da fayil mai lamba, amma direban babbar mota ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin tasha da tasha, kuma abin da ya bari a rubuce bai taka kara ya karya ba. Na shafe kusan shekara uku ina bin sawun kakana na wajen uwa, wanda ya yi tuƙi tsakanin Zariya da Kudu, kuma babban abin da na gane shi ne sunan yanka ba ya kai mai bincike ko'ina a wannan sana'a. Abubuwa huɗu ne ke kai shi: laƙabin da aka san direban da shi a tasha, motar da ya ja, ubangidan da ya mallake ta, da kuma mutumin da ya koya masa tuƙi.

Daga cikin gida ake farawa, kuma daga ɗakin mata. Mazan gida sukan ba da labarin direba a dunƙule, su ce ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa, amma matarsa ko ƙanwarsa ko babbar 'yarsa ita ce ta riƙa ƙirga kwanakin tafiyarsa, ita ce kuma ta riƙa kwance tsarabar da yake dawowa da ita. Saboda haka kada ka tambayi tsohuwa wace hanya mijinta yake bi, domin mai yiwuwa ba ta taɓa jin sunayen garuruwan a jere ba. Ka tambaye ta abin da yake kawowa gida da kuma kwana nawa yake yi kafin ya dawo. Wanda yake shigowa da goro a cikin ganye da manja da garin kwaki, hanyar Ikko ce tasa, ta Shagamu da Badun. Wanda yake kawo dankalin Turawa da kayan lambu, yana hawa Jos ne ta Pambeguwa da Saminaka. Wanda tsarabarsa bandar kifi ce, gabas ya nufa wajen Maiduguri. Goggona ce ta fara buɗe mini ƙofa da ta ce, "Ɗan nan, ai mu ba mu taɓa sayen goro a gidanmu ba sai bayan da Baba ya ajiye mota." Wannan jimla guda ta gaya mini hanyarsa, ta kuma gaya mini irin fataken da yake ɗauka.

Ka nemi izini ka naɗi hirar a wayarka, ka kuma bar tsohuwa ta yi ta zagaye yadda take so, domin sau da yawa a cikin abin da kake gani kamar ratse ne sunan ubangida ko na yaron mota yake faɗowa. Ka koma karo na biyu da na uku. Tsofaffi sukan kwana da tambaya, su wayi gari da amsarta.

Matsalar da za ka fara cin karo da ita ita ce ta shekaru, domin ba wanda zai ce maka abu kaza ya faru a shekara kaza. Maganinta shi ne ka riƙe wasu manyan al'amura a ka, ka riƙa auna labarin da su. Zamanin sarakunan Zazzau ma'auni ne mai kyau: Sarki Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Sarki Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Sarki Shehu Idris kuma daga 1975 zuwa 2020. Zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ne, samun mulkin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, rasuwar Janar Murtala a watan Fabrairun 1976. Ga direbobi kuwa babu ma'aunin da ya kai canjin hannu, wato ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta bar tuƙi a gefen hagu ta koma dama. Duk tsohon direba ya san inda yake a wannan rana, kuma ya san ko ya riga ya karɓi mota ko yana yaron mota tukuna. Sai dai ka yi hattara da kalmar "canjin kuɗi", domin wani yana nufin na ranar 1 ga Janairu, 1973, da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, wani kuma yana nufin na 1984 da aka sauya launin takardun naira a zamanin mulkin soja na Janar Buhari. Tsakaninsu shekara goma sha ɗaya ce, kuma idan ka ɗauki wannan a matsayin wancan za ka iya ɗora haihuwar mutum a bayan aurensa.

Yana da kyau mai bincike ya san dalilin da ya sa Zariya ta tara motocin sufuri tun farko, domin sanin kayan da mota ke ɗauka shi ne rabin sanin wanda take yi wa aiki. Layin dogo ya ratsa ta Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi daga nan zuwa Jos saboda kuza, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har ya kai Kauran Namoda a 1929. Garin ya zama mahaɗa, kuma aikin motocin farko shi ne su kwaso amfanin gona daga ƙauyuka su kawo bakin jirgi. Auduga ce uwar tafiya a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, inda kamfanin auduga na Turawan Ingila mai suna BCGA ya kafa injinan gurzarta a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, sai gyaɗa, sai ganyen taba da ake kai wa masana'antar kamfanin taba da ke Zariya. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO da Paterson Zochonis suna da kantuna da ɗakunan ajiya a kusa da tashar jirgi, kuma daga sunan na ƙarshen ne unguwar PZ ta samo nata. Da aka kafa hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa a 1954, attajiran da suka sami lasin saya mata kaya sun ga cewa riba tana wajen wanda ya mallaki motarsa, sai da yawansu suka shiga sufuri. An rufe ƙaramin layin Jos a 1957. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya cinikinta, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Idan aka ce maka kakanka ya bar jigilar auduga ya koma ɗaukar shanu da tumatir da albasa zuwa Kudu, ko ya koma jan tankar mai bayan buɗe matatar Kaduna a 1980, to ka san ba sha'awarsa kaɗai ce ta sauya ba, kasuwar ce ta juya da shi.

Sai ka dawo kan hoton nan, ka zauna da shi a cikin haske sosai. Ka ɗauke shi da waya ko ka kai a yi maka sikanin, ka faɗaɗa shi a kwamfuta, kuma kada ka manta da bayansa, domin a nan ne mai hoto yakan buga hatiminsa da sunan garin da shagonsa yake. Abu na farko da za ka duba shi ne ɓangaren da sitiyari yake. Idan a dama yake, to an shigo da motar ne don tuƙin kafin 1972, ko da yake irin waɗannan motoci sun ci gaba da aiki shekaru bayan canjin hannu. A nan akwai tarko guda: wani lokaci mai wanke hoto yakan kifa fim ɗin, dama ta koma hagu, saboda haka ka tabbatar rubutun jikin motar yana karantuwa daidai kafin ka yanke hukunci. Abu na biyu shi ne ƙirar motar. Bedford da Austin da Morris na Ingila su ne suka cika hanya a ƙarshen mulkin Turawa da farkon mulkin kai, daga baya Marsandi ƙirar 911 mai gajeren hanci ta mamaye tashoshi. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka fara haɗa manyan motoci a cikin ƙasa, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Marsandi a kamfanin ANAMMCO na Inugu. Idan ba ka iya bambance su ba, ka nuna wa tsohon bakanike, zai gaya maka tun daga fitila da tagar gaba. Abu na uku shi ne lamba. Ka kwafe ta harafi da harafi ko da rabinta kawai ake gani. Lambar da ke ɗauke da alamar Jihar Kaduna ba za ta riga 1976 ba, domin kafin nan sunan jihar Arewa ta Tsakiya, kuma lambar da ke da haruffa uku na ƙaramar hukuma, irin ZAR na Zariya, ba za ta riga 1992 ba.

Abu na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran daraja, shi ne rubutun goshin mota da na allon baya. Mutanen tasha ba sa haddace lamba, amma suna haddace wannan rubutu, har yakan zama sunan motar, wani lokaci ma ya zama laƙabin direbanta. A jikin ƙofa kuma sau da yawa akan rubuta sunan mai mota da akwatin gidan wayarsa da ƙananan haruffa. A hoton kakana da ƙyar na iya haɗa kalmomi biyu na farko, sauran duhu ya cinye, amma sun isa in gane cewa "Haƙuri Maganin Zaman Duniya" aka rubuta.

Kafin ka fita daga gida, ka roƙi a buɗe maka adaka da tsohon akwatin ƙarfe. Abin da ake nema shi ne tsohon lasin tuƙi, wanda a da ɗan littafi ne mai hoto da hatimin sabuntawa, kafin zuwan na kati bayan kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988. Hatiman nan suna nuna garin da aka sabunta shi da shekarar, wato suna bin mutum gari gari. Akwai kuma takardar inshora, da takardar rakiyar kaya da ake kira webil, da katin ƙungiya, da rasiɗin haraji, da fasfon aikin Hajji. Rasiɗin haraji yana ɗauke da unguwa da sunan mai unguwa, kuma a Jihar Kaduna gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, saboda haka wanda ka samu mai yiwuwa ya riga wannan lokaci. Kada ka kai ko ɗaya daga cikin takardun nan a liƙe maka shi da leda mai zafi, domin zafin yana cinye tawada kuma ba a iya warwarewa. Ka sa kowace a cikin ambulan ɗinta, ka rubuta bayani da fensir a jikin ambulan ɗin.

Yanzu ne lokacin zuwa tasha ya yi, kuma a nan ne yawancin masu bincike suke ɓata rawarsu da tsalle. Mutum ya shigo da littafi da biro yana jero tambayoyi, sai a ɗauke shi jami'in haraji ko mai neman gado, kowa ya kama bakinsa. Hanyar da ta dace ita ce ka sami wani dattijo na unguwarku ya gabatar da kai ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashar da ta fi kusa da inda kakanka ya yi lodi, ko a Kwangila ne ko a Ƙofar Doka ko a Ɗan Magaji ko a Sabon Gari. An kafa wannan ƙungiya a 1978, saboda haka rajistarta, ko da an adana ta, ba za ta koma baya da haka ba. Amfanin ofishin shi ne ya nuna maka mutane. Ka tambayi su wane ne suka fi tsufa a cikin direbobin da suka ajiye mota, da 'yan kamasho, da masu ƙera bodin katako, da kanikawa, da masu facin taya. Ɗan kamasho ya fi kowa sanin wace mota ce ta wa, domin a kan wannan sani abincinsa yake. Ka je da goro, ka je da hantsi bayan an gama lodin safe ko kuwa bayan la'asar, ka yi gaisuwa cikakkiya, ka zauna a inda aka nuna maka.

Ni sai da na yi zuwa huɗu ina faɗin sunan yankan kakana ba wanda ya gane shi. A zuwa na biyar aka raka ni wani zaure a Tudun Wada wajen wani dattijo da idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina neman labarin wani direba ne da ya ja motar goro, a goshinta an rubuta Haƙuri Maganin Zaman Duniya." Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, sannan ya miƙo hannu ya laluba kafaɗata ya ce, "Yaro, kai wane ne nasa?" Da na gaya masa, sai ya ce, "Ashe jikan maigidana ne a gabana. Shekara shida ina sa masa waji." Waji shi ne guntun katakon da yaron mota ke dirowa da gudu ya cusa a bayan taya idan mota ta tsaya a kan tudu, kuma a cikin wannan kalma guda ya gaya mini matsayinsa a wurin kakana.

Wannan shi ne asirin binciken gaba ɗaya. Tuƙin babbar mota sana'a ce mai silsila kamar karatun zaure. Yaro yana farawa da wankin mota da ɗaure tamfol da kwana a kan kaya yana gadi, sannan a bar shi ya tayar da inji, sannan ya matsar da mota a cikin tasha, sannan a ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya da dare, har ranar da maigidansa zai kai shi gwaji ya karɓi lasin, ya kuma tsaya masa wajen wani mai mota. Saboda haka kowane direba ya san wanda ya yaye shi, ya san wanda ya yaye maigidansa, ya kuma san waɗanda shi ya yaye. Tambayoyi biyu ne za ka riƙa maimaitawa a gaban duk tsohon da ka samu: wa ya koya masa, kuma su wa ya koya wa? Yaran mota sukan girmi 'ya'yan direba da kaɗan ne kawai, don haka akwai kyakkyawan zaton wasunsu suna raye, kuma sun ga ɓangaren rayuwarsa da iyalinsa ba su taɓa gani ba. Kada ka yi mamaki idan silsilar ta kai ka ga Bayarabe ko Ibo, domin su ne da yawa daga cikin direbobi da kanikawan Sabon Gari na farko, kuma da mutanen Gabas suka bar Arewa a rikicin 1966 yaran mota Hausawa da dama ne suka hau kujerar iyayen gidansu. Ka rubuta sunan wannan maigida da mutunci a cikin tarihin gidanku, domin ta hannunsa abincin gidan ya shigo.

Daga bakin yaron mota za ka sami sunan ubangida, daga nan kuma sai ka nufi gidansa. Abin da ake kira kamfanin sufuri a wancan zamani sau da yawa attajiri ne guda mai mota uku ko biyar ko goma, ofishinsa zaurensa, akawunsa wani ɗan'uwansa da ya yi makaranta. Da yawansu sun sayi motocin ne bashi daga dillalai irin su Leventis da UTC da SCOA, suna biya wata wata. Ka tambayi magada ko littafin akawu yana nan, wato wanda ake rubuta fitar mota da dawowarta, da kuɗin mai, da kuɗin guzurin direba, da balas ɗin da ya kawo. Ka bayyana musu tun a gaisuwar farko cewa ba wani haƙƙi ka zo nema ba, domin tsoron tsohon bashi yana rufe akwatuna da yawa. Idan littafin da ajami aka rubuta shi, ka nemi malamin da ya saba da rubutun 'yan kasuwa ya karanta maka, ka kuma lura da cewa kwanan watan na iya zama na Hijira, inda shekarar 1392 ta yi daidai da mafi yawan 1972. Lissafin da aka yi da fam da sule ya riga 1973, amma a magana ta baki mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam guda, don haka wannan ma'auni na takarda ne kawai. Idan kuwa an yi wa kamfanin rajista, ana iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda aka kafa a 1990 ta gaji rajistar da ta gabace ta, a ga lambarsa da ranar rajistarsa.

Gidajen adana tarihi suna zuwa ne a bayan duk wannan, kuma ya kamata ka shige su da sanin abin da za su iya ba ka. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna, ka nemi jerin fayilolin Lardin Zazzau da ake wa laƙabi da ZARPROF, da na sakatariyar lardunan Arewa da ake kira SNP, ka bi kanun da suka shafi hanyoyi da motoci da kasuwannin auduga da Sabon Gari. Da wuya ka ga sunan direba a ciki, amma kana iya ganin na ubangidansa, kuma za ka ga yanayin hanyar da ya bi. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke titin Rabah a Kaduna, yana da nasa tarin takardu. A nan gida kuma, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello yana da tsofaffin jaridu da kundayen digirin ɗalibai, kuma amfanin kundayen tarihi shi ne a ƙarshensu akan jera dattawan da aka yi hira da su tare da unguwanninsu da sana'arsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 kuma a Zariya aka daɗe ana buga ta, ta cancanci a bi ta shafi shafi idan kana da shekarar da wani babban abu ya faru. Ka kuma tuna cewa Funtuwa da Malumfashi sun koma Jihar Katsina a 1987, saboda haka takardar da ta shafe su tana iya kasancewa can. Idan mai mota ya rasu an raba gadonsa a gaban alƙali, littafin kotun yakan lissafa motocin da lambobinsu, sai dai wannan magada ne ya kamata su nema, ko su ba ka izini a rubuce.

Akwai wani ofishi da na yi wa zuwa uku ina neman tsohuwar rajistar motoci, a ƙarshe aka nuna mini ɗakin da ruwan sama da gara suka gama da ita. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi ya sa nake roƙon duk mai wannan niyya ya fara da tsofaffin da ke numfashi kafin ya bi takarda.

Mataki na ƙarshe shi ne bin hanyar da ƙafarka, idan hali ya yi. Tsohuwar hanyar Ikko tana bi ta Kaduna da Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta shiga Ilori da Ogbomosho da Oyo kafin Badun, kuma wajibi ne ka bincika lafiyar kowane yanki kafin ka kama hanya, ka zagaye inda ya kamata a zagaye. A kowane babban zango akwai unguwar Hausawa, irin Sabo ta Badun da ta Shagamu, akwai Sarkin Hausawa, akwai liman, akwai gidan da direbobin Zariya suka saba sauka. Abu biyu masu nauyi kana iya tararwa a can, kuma gara ka shirya musu tun daga gida. Na farko shi ne kabari, domin direban da ajali ya riske shi a hanya yawanci a garin da abin ya faru ake yi masa sutura, kuma liman ko dattawan zango ne za su iya nuna maka wurin. Na biyu shi ne iyali. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwana a gari guda duk mako yana iya yin aure a can, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba tare da labarin ya iso gida da ƙarfi ba. Idan ka ci karo da haka, kada ka yaɗa shi a zauren WhatsApp na dangi. Ka dawo ka sami babban gida a keɓe, ka gaya masa abin da ka ji da wanda ya gaya maka, a tura dattawa su tabbatar, maganar gado kuma a bar wa malamai da alƙali. Waɗancan mutane jininku ne, kuma sau da yawa su ma sun daɗe suna tambayar ina dangin ubansu suke.

Wajen rubutawa, ka ware abin da ka gani a takarda, da abin da wanda ya gani da idonsa ya gaya maka, da abin da aka ji daga wani, ka sa sunan mai bayani da ranar hira a gefen kowane labari. Inda mutum biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun. Abin da zai kunyata wani mai rai, ko sirrin da aka ba ka amana, ka bar shi a littafinka na kanka. Ka buga kwafi da yawa ka raba wa ɗakunan gidan, ka kai wa gidan ubangida nasu, ka ajiye sautin hirarrakin a wuri fiye da ɗaya. Da na gama nawa, na wanke hoton nan babba na kai wa dattijon Tudun Wada. Ya kusanto da shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana bin sa da yatsa, sannan ya tsaya a kan wani yaro da ke zaune a saman tamfol, wanda duk gidanmu ba wanda ya taɓa lura da shi, ya ce in rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne, kuma a Mokwa aka ɗauka, a shekarar canjin hannu.